Amsar tambayarki a kan tona

Ƙanwata, jiya muna tsaka da aiki kika ce min wai Anti meye amfanin tonar nan da muke shafawa bayan an wanke fuska, tunda fuskar ta riga ta fita ai ɓarnar kuɗi ce. Lokacin ga amarya a zaune ga ƙawayenta sun cika shagonmu na kwalliya, shi ya sa na ce ki bari sai na samu sukuni.

Fatar mutum tana da ɗan tsaminta na halitta, ana auna shi da abin da ake kira pH, na fata wajen 4.5 zuwa 5.5 yake, shi kuwa sabulun wanka har da sabulun salo da mata ke ji da shi yakan kai 9 ko 10, kuma lambar na hawa tsamin na raguwa. Shi ya sa in kika wanke fuska da shi sai ki ji ta ɗaure tamau kamar fatar kalangu, wasu su ɗauka tsafta ce alhali maiƙon da ke kare fatar ne aka kwashe. Asalin aikin tona ke nan, ta dawo da fata daidai da wuri. Gaskiya wadda ke amfani da kilinza mai laushi, wato abin wanke fuska da ba ya ɗaure fata, ko ba ta sa tona ba babu abin da zai same ta, kar ki tsorata kwastoma don ki sayar da kwalba ɗaya. Amma mu a shago muna buƙatarta, ki duba audugar da muke shafa tonar da ita bayan kin goge wa mace gefen hanci da bakin gashi wajen da ɗankwali ke zama, za ki ga ragowar fandeshan da hoda sun fito duk da an wanke. Kuma fata mai danshi ta fi shan mai, don haka kada ki jira ta bushe ƙarau, kina gama tona ki bi da siram, wato ɗan ruwan gyaran fata da ake ɗigawa, da man shafawa.

Inda aikin yake shi ne zaɓe. Mai maiƙon fuska da ƙuraje ki ɗauko mata mai salisilik asid, kashi 2 cikin ɗari ya isa, shi yana shiga cikin ƙofofin gashi ya narkar da maiƙon da ya toshe su. Mai busasshiyar fata kuwa sai mai gilisarin ko ruwan wardi. In kika buɗe kwalba warin sifirit ya buge ki to mayar da ita, musamman da hunturu, fuska za ta yi furu-furu kuma hoda ba za ta zauna ba.

Ni kaina na taɓa ƙona amarya ina sabuwar hannu. An yi mata dilka da halawa da safe, da yamma na zo na goga mata tona mai gilaikolik asid wai don fuska ta ƙara haske, wallahi kafin magariba kumatunta sun yi jawur suna raɗaɗi, ga kamu saura kwana 2, uwarta ba ta ce min komai ba sai kallo, har yau ina tuna kallon nan. Fatar da aka murje ba a sa mata asid ranar. Sabuwar kwastoma ma ki ɗan shafa mata a bayan kunne ta kwana da shi tukuna, kuma duk wadda kika ba mai asid ki gaya mata da dare ake sawa, da rana sai da man kariyar rana, in ba haka ba tabon da take gudu shi zai ƙara baƙi.

Sai abin da ya fi damuna, mata da yawa in sun ce miki a ba su tona, tonin suke nufi, wato bilicin da aka canza wa suna. Tona ba ta sa mutum fari. In wata ta zo da kwalbar haɗi marar suna marar lambar NAFDAC ta ce ki shafa mata, ki dubi gaɓoɓin yatsunta za ki gane, ki ba ta haƙuri ki ce ba ma sawa a nan, in ta matsa ki kira ni.

Gobe ki zo da wuri, akwai mutum 3 kafin azahar, ke za ki zaɓa musu tonar ina tsaye ina kallo.