Yaya, ga amsar tambayarka kan yawonmu a ƙauyukan Ayalan

Yaya, tambayarka ta iso, kuma na san ba kai kaɗai ke yin ta ba. Duk wanda ya ga hotunanmu a bakin teku, yara cikin rigunan ruwa, sai ya ce mutanen nan sun zama Turawa, ba su da aiki sai kallon duwatsu. Ka kuma haɗa da zancen yaron nan namu da ya auri Baturiya, ka ce anya akwai sauran Hausanci a jikinmu?

Hausawan ƙasar nan ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Wani likita ne a asibitin gunduma, wata ma'aikaciyar jinya ce, wasu ɗalibai. Mu da ke yamma, a gundumar Mayo, kafin mu ga wanda za mu gaisa da shi da Hausa sai mun ci hanya. Saboda haka abin da kuke kira yawo, yawancinsa zumunci ne: suna a Galway, gaisuwar rasuwa a Limerick, barka da sallah a Dablin. To idan ka ɗebo iyali za ka Limerick, hanya ta ratsa da kai gundumar Clare, me zai hana ka ɗan karkata yara su ga Moher? Wuri ne da ƙasa ta yanke tsaye, dutse ya sauka har mita 214 zuwa cikin teku, iska na neman ƙwace maka hula. Ban taɓa tsayawa a can na kasa yin tasbihi ba.

Hanyoyin ƙauye kuwa sai wanda ya gani. Ta hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a gida kafin 1972. Wata hanyar faɗin mota ɗaya ce tak, har ciyawa ta fito a tsakiyarta, hagu da dama katangar duwatsu da aka jera ba siminti. In kun haɗu da wani, ɗaya ya ja da baya har inda ta ɗan buɗe. Ka biyo bayan tarakta ko garken tumaki, waɗanda kowane mai su ya shafa musu launinsa a gadon baya, sai haƙuri, ba mai danna oda. Kuma duk direban da ya wuce ka zai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ya san ka ko bai san ka ba. Gaisuwa ce. A kantin ƙauye ba ka fara faɗin abin da ya kawo ka sai an taɓa zancen ruwan sama, yadda mu ba ma shiga magana sai an yi ina gajiya, ina iyali. Ka ce daga Najeriya kake, sau da yawa tsohuwa za ta ce gwaggonta ko kawunta ya yi aikin mishan a can. Ba ƙarya suke ba, matan cocin da suka kafa makarantar St Louis ta Kano daga ƙasar nan suka tafi, a 1948.

Abin da ya ɗaure ni da mutanen nan shi ne yadda suke ɗaukar mutuwa. Gidan rediyon yankinmu kullum sai ya karanto sunayen waɗanda suka rasu da inda za a yi gaisuwa. Idan za a wuce da gawa ta tsakiyar gari, masu shaguna su ja ƙofa su fito su tsaya. Ka tuna rasuwar Hajiya, Allah ya jiƙanta. Ku kuka yi mata sutura, ni ina nan da waya a hannu, domin babu jirgin da zai kai ni kafin la'asar. Ban gaya wa kowa ba sai wurin aiki. Kafin dare maƙwabta sun fara zuwa, wannan da burodin da ta gasa, wancan da tukunyar miya. Wani dattijo manomi da shanunsa ke kiwo bayan gidanmu ya cire hularsa a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya tambaye ni sunanta. Bai iya faɗa daidai ba, amma ya maimaita har ya iya. Shi ya sa raina ke sosuwa in na ji ana cewa Bature bai san maƙwabci ba. Na birni wataƙila. Na ƙauyen nan ya sani.

Kuma sun san ƙaura. Kana tafiya za ka riƙa ganin kangayen gidajen dutse, rufi ya zube, ciyawa ta cinye. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta kama dankalin da suka dogara da shi, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka bar ƙasar. A kwarin Doolough akwai dutsen tunawa da talakawan da suka mutu a hanya a 1849, sun fita neman taimakon abinci. Da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a Amurka ko Ingila ko Ostireliya. Ba na ce duka lafiya lau ba ne. A 'yan shekarun nan an yi zanga-zangar ƙin baƙi a wasu garuruwa, har an ƙona gine-ginen da aka ce za a saukar da masu neman mafaka, kuma 'yata ta sha kallo saboda hijabi.

Batun salla kada ya dame ka. A ƙaramin garin Ballyhaunis akwai masallaci tun 1987, shi ne na farko a ƙasar da aka gina tun daga tushe don ya zama masallaci, albarkacin mayankar halal da ta tara ma'aikata Musulmi a garin. Tsakaninsa da Knock, inda Katolika ke zuwa ziyarar ibada, tafiyar 'yan mintuna ce a mota. In muna hanya, darduma da buta na bayan mota. Da hunturu rana kan faɗi da wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, sai ka ga azahar, la'asar da magariba sun taho a jere. Shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni kuwa mun yi na sama da awa 18. A ƙauyuka da yawa ba inda ake sayar da abinci mai zafi sai mashaya. Wasunmu na shiga su ci kifi da dankali su fito. Mu dai uwargida ke cika kula da shinkafa, da dambun naman da take yi da kanta tunda doka ta hana shigo da kilishi.

Auren kuwa, an yi, kuma na halarta. An ɗaura shi da sadaki da shaidu. Yarinyar tana tuƙa tuwo, tana durƙusa wa surukarta in ta zo. Da ya tsaya jiran Bahaushiya a garin da shi kaɗai ne Bahaushe, ka gaya mini yadda za a yi. Ni ma ina fatan 'ya'yana su auri namu, amma ba zan aurar da 'yata ga wanda ba ta taɓa zama ta yi magana da shi ba don kawai a ce mun riƙe al'ada.

Inda tsorona yake shi ne harshe. Yaran suna Turanci, a makaranta ana koya musu harshen ƙasar na asali, wanda ke saman kowane allon hanya, autana har yana cikin ƙungiyar wasan sanda ta ƙauyenmu. Hausa a gida kaɗai suke jin ta, da cikin mota, inda na sa dokar ba a wani yare sai ita. Suna ƙoƙari, Yaya. Amma zuwanmu na ƙarshe, babban ya buɗe baki ya gaishe da Gwaggo, aka fashe da dariya ana ta kwaikwayonsa, har muka dawo bai sake yin Hausa gaban mutane ba. In Allah ya kai mu dogon hutu zan sake kawo su. Don Allah ka ja kunnen yaran gida, in sun ji kuskure su gyara masa a hankali. Ka gaida Gwaggo da su Yaya Babba.