Tanderun Narka Tama: Bature Ya Ji Iska, Bafaranshe Ya Ga Tsawo

Tambaya daga wani ɗalibi a Maraɗi: Malam, a makaranta mun san "haut fourneau", sai na ga 'yan Najeriya suna rubuta "blast furnace". Abu ɗaya ne?

Abu ɗaya ne, ɗana. Dogon tanderu ne da kan kai mita 30 ko fiye. Ana zuba masa tama da gawayin kwal da farar ƙasa ta sama, ana hura masa iska mai zafin kusan digiri 1,000 ta ƙasa, ƙarfe ya fito a narke. Bafaranshe tsawon ya kalla, ya ce "haut fourneau", tanderu mai tsawo. Bajamushe ma haka, "Hochofen". Baturen Ingila kuwa iskar ya kama, domin "blast" a nan iska ce da ake turawa da ƙarfi.

A nan raina yake ɓaci. Na taɓa jin wani mai fassara labarai yana maganar kamfanin ƙarafa na Ajakuta, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara ginawa a 1979, sai ya ce wai "tanderun fashewa". Haba! Don ya saba jin kalmar a labarin bam, shi ke nan ko'ina fashewa ce? Da ya leƙa maƙera ko sau ɗaya, da ya ga yaro zaune yana zuga wuta da zuga-zugi. Wannan zugar ita ce ake nufi, ba ragi ba ƙari. Ni "tanderun zuga" nake cewa, kuma ina ganin ya fi na Faransanci da Jamusanci kama gaskiya, tunda ba tsawo ke narka tama ba, iska ce. Mun mayar da "zuga" ta zama ta tunzura mutum kaɗai, har yaran yanzu ba su san daga bakin wuta aka aro ta ba.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Kano: To, irin wanda kakanninmu suka narka tama da shi a Dala fa?

Malama, wannan gajeren ne. Faransanci ya ce "bas fourneau", kishiyar na farko, tsaf. Ingilishi ya ce "bloomery", daga curin ƙarfen da ake cirowa, domin a irinsa ƙarfe ba ya zama ruwa, dunƙulewa yake yi sai an kai shi uwar maƙera an dake shi. Jamusanci ya ce "Rennofen", tanderun kwarara, saboda dattin da ke malalowa daga gindinsa. Dattin nan shi ne abin sha'awa. Ingilishi "slag" da Jamusanci "Schlacke" 'yan gida ɗaya ne. Bafaranshe ya dubi farinsa ya ce "laitier", daga kalmar madara. Bahaushe ya dube shi ya ce kashin maƙera. Kowa da idonsa.

Wani ya ce: "Four Martin" da "Siemens-Martin-Ofen" fa?

Tanderu ɗaya ne, wanda Bafaranshe Pierre-Émile Martin ya yi ƙarfe da shi a 1865 bisa dabarar zafafa iska ta Bajamushe Siemens. Faransawa suka riƙe sunan ɗansu kaɗai, Jamusawa suka sa nasu a gaba, Ingilishi ya bar su duka ya ce "open hearth", buɗaɗɗen murhu.

Tambaya: Ko za a iya ce wa duk waɗannan murhu?

A'a. Murhu na tukunya ne. Tanderu ma aro muka yi daga masu gashi, amma ya fi kusa.

Tambaya daga wani dattijo a Gusau: "Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe", namu ne ko na Turawa?

Baba, suna da irinsa, Faransawa da Jamusawa da Turawan Ingila duka. Amma mutanen da ke da maƙeran baƙi da maƙeran fari, da gawayin ƙirya da masaba da awartaki, ba sai an zo daga wata ƙasa an gaya musu ƙarfe na taurin kai in ya huce ba.