Masauki, Raɓa da Watan Bakwai: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin makaranta da ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu a ƙasar Kano, inda ya gina ɗakuna huɗu a bakin hanya domin saukar masu sayen hatsi da ke kwana a garin ranar jajibirin kasuwa. Yana so ya kafa allo a ƙofa, amma mutane sun raba masa hankali: wasu sun ce ya rubuta masauki, wasu zango, wani dattijo ya ce a zamaninsu bariki ake cewa, samari kuma suka ce otal ne kawai. Yana tambaya wanne ne daidai.

Malam, rubuta masauki, hankalinka kwance. Kalmar ta fito daga aikatau sauka, an ɗora mata ma- a gaba da -i a ƙarshe domin ta nuna wurin da ake yin aikin, kamar yadda aka sami mazauni daga zauna da masallaci daga salla. 'Yan'uwanta mata su ne irin su makaranta da marina da majema da maƙera. Abin da ya sa na fi son ta shi ne faɗin da sauka take da shi a bakin Bahaushe. Matafiyi yana sauka, ɗalibin allo yana saukar Alƙur'ani, mace mai ciki ana yi mata addu'ar Allah ya sauke ta lafiya, ruwan sama ma idan ya zo cewa ake yi ya sauka. A duk waɗannan akwai nauyi da aka ɗauko daga nesa aka kawo shi ƙarshen tafiya aka ajiye, kuma abin da baƙonka yake nema a ƙofarka ke nan. Sai dai ka tsaya a kan mai rubuta allon kada ya sa wa k ɗin ƙugiya, domin sauƙi dabam, sauka dabam, ko da yake na san wasu baƙin za su so a ce wurin na sauƙi ne.

Zango kuwa kalmar fatake ce. Shi ne wurin da ayari yake yada kaya a ƙarshen tafiyar yini, galibi a bayan gari kusa da ruwa, inda za a sauke wa jakuna kaya a ɗaure su a hura wuta. Daga nan kalmar ta koma nufin tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki, har aka sami zangon karatu a makarantun yau. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun kai ta nesa, shi ya sa har gobe unguwannin Hausawa da sauran Musulmi baƙi a Kumasi da Ankara na ƙasar Gana ake kiran su zango, kuma a gida muna da Zangon Daura da Zangon Katab. Kalma ce mai daraja, amma fili take nufi da jama'a da dabbobi, ba ɗaki mai ƙofa da makulli ba. Mutumin da yake saukar fatake a cikin gidansa, ya adana musu kaya ya nemo musu masu saye, shi ake kira fatoma, kuma idan ka duba da kyau, sana'ar da ka shiga ta fi kusa da tasa.

Dattijon da ya ce bariki bai yi kuskure ba, zamaninsa ya faɗa. Kalmar aro ce daga Turanci, asalinta mazaunin soja, amma a zamanin mulkin Turawa ta zama sunan gidan da ake ginawa a gefen gari domin saukar jami'in da ya fito rangadi, kuma mai kula da shi ana kiransa sarkin bariki. Matsalar ita ce kalmar ta yi tafiyar da ba ta dawo ba. Saboda irin rayuwar da ta taru a kewayen waɗannan wurare, nesa da idon iyaye da na mai unguwa, sai aka sami ɗan bariki da barikanci da zaman bariki, kuma babu magidancin da zai so a ji cewa a bariki ya kwana. Otal ma a ƙauye tana ɗauke da ɗan wannan ƙauri, ko da yake a birni ta wanke.

Wannan malami ya ƙara da tambaya ta biyu, wadda wata malama daga Maraɗi ita ma ta aiko da irinta: mene ne ma'anar "baƙo raɓa ne"? Malamar ta ce ta taso tana zaton ana nufin baƙo mai raɓewa ne a jikin mutane, wato kamar zargi ne a kan mai son banza.

Malama, ba haka ba ne, amma na ga inda zaton ya fito, domin akwai aikatau raɓa da raɓe, kamar a ce yaro ya raɓe a bayan ƙofa, kuma a rubuce ba a bambanta su da sunan. Raɓar da ke cikin wannan karin magana ita ce danshin da yake kwanta a kan ciyawa da ganye da dare. Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa gona a ƙarshen damina ya san ta: kafin ka kai kunyar farko ƙafar wandonka ta jiƙe sharkaf har gwiwa, ganyen wake yana ta ƙyalli kamar an yayyafa masa ruwa, amma da hantsi ya ɗaga sai ka nemi ɗigo ɗaya ka rasa. To haka baƙo yake, da dare ya sauka, da rana ta yi ya tafi. Mai gida ake yi wa maganar, ba baƙon ba, kuma abin da ake gaya masa shi ne ya yi haƙuri da ɗawainiyar, ya kyautata, domin ba mai daɗewa ba ce. Ina ganin akwai ma'ana ta biyu da ba a cika faɗa ba, wato raɓa ba ta ɓata shuka, amfani take yi mata a lokacin da ruwa ya fara ja da baya, kuma Bahaushe da yake cewa baƙonka annabinka bai ɗauki baƙo a matsayin asara ba.

Wannan karin magana tana tafiya da wasu guda biyu da ya kamata mai masauki ya riƙe. Ɗaya ita ce "ba baƙo ruwa ka sha labari", wadda daɗinta yake cikin kalmar sha, domin shi ya sha ruwa kai ka sha labari, kowa ya kashe ƙishirwarsa. Tana kuma koyar da tsari: ba a tare matafiyi da tambaya tun bai ajiye jakarsa ba, sai an kawo ruwa, wanda a ƙauye sau da yawa fura ce a ƙwarya da ludayi, sannan a tambaye shi hanya da mutanen gida. Ɗayar ita ce "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma", kuma wannan ba ta bukatar sharhi ga wanda ya taɓa sauka a gidan da aka ba shi katifa aka hana shi fara'a.

Tambayar da ta fi cin lokacina ta zo daga wani ɗalibin jami'a da ya tashi a Legas, wanda aikin bincike ya kai shi wani ƙauye ya yi watanni a ɗakin baƙin dagaci. Ya ce a makaranta an koya masa lokuta biyu, damina da rani, amma a ƙauyen ya ji ana ambaton bazara da marka da kaka da hunturu, har wata rana da iska ta juya wani tsoho ya dubi gabas ya ce, "Watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama." Shi kuwa da ya duba kalanda sai ya ga ba Yuli ake ciki ba, ba kuma Rajab ba.

Ɗalibi, rabon shekara gida biyu ba ƙarya ba ne, amma rabon mai kallo daga nesa ne. Rani suna ne mai faɗi na duk lokacin da ba a ruwa, kuma a cikinsa akwai hunturu da bazara, waɗanda ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Hunturu shi ne lokacin busasshiyar iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, da hazo da faso a dugadugai da jin wuta da asuba. A nan ne ake bambanta ɗari da sanyi: ɗari busasshe ne mai tsaga leɓe, sanyi kuwa ya fi faɗi, ya haɗa har da mai danshi irin na damina da na ruwan randa. Bazara ita ce zafin da ke biyo baya, wajen Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi suke ja, ake kwana a tsakar gida, ake sharar gona da kai taki da gyaran jinka, 'yan ci-rani kuma suke fara haramar komowa gida. Wasu manoma a ƙarshenta sukan yi binne, wato su zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira ruwan farko ya same shi a can, wanda caca ce da ba kowa ke da zuciyar yin ta ba.

Watan bakwai da tsohon ya ambata na lissafin manoma ne. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kusan kwana 11, saboda haka watanninta suna zagaya lokutan shekara, su komo inda suka faro bayan kimanin shekara 33. Wannan ya dace da ibada, amma ba za a iya shuka gero da shi ba. Sai manomi ya riƙe nasa ƙidayar da take farawa daga wajen kaka, ta yadda wata na bakwai yake faɗowa a ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, daidai lokacin da iska take juyowa daga kudu, gajimare yake taruwa, itatuwa suke sabon toho. Alamar da ake nufi ke nan. Malaman ƙauye kuma suna da lissafin taurari 28 da suka gada daga littattafan Larabci, kowane tauraro kwana 13, ɗaya daga ciki 14, jimla 365, kuma da shi suke gaya wa manoma inda damina ta kai. Game da kalmar maƙara, daga ƙare take, wato wurin da abu yake ƙarewa, ginin ta ɗaya da na marina da majema. Na sha ganin an rubuta ta ba ƙugiya, sai ta koma makara, abin ɗaukar gawa. Hoton bai yi muni ba, a ce ga rani an ɗauke shi zuwa kushewa, amma ni da ƙugiya na ji ta a bakin manoma.

Marka kuwa ba lokaci ne mai zaman kansa ba, tsakiyar damina ce, galibi a Agusta, sa'ad da ruwa yake sauka siriri ba tsawa ba iska, ya wuni ya kwana bai ɗauke ba. Na taɓa yin kwana uku a zauren wani mai gari saboda ita, hanyar mota ta yanke, itacen girki ya jiƙe har hayaƙi ya fi wuta yawa, katangar maƙwabci ta zube da tsakar dare, kuma tuwon da ake kawo mana yana raguwa kullum ba tare da kowa ya ce komai ba. Sai daga baya na fahimci cewa lokacin ne rumbu yake kusa da ƙasa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuma baƙon marka ya fi na kowane lokaci nauyi. A rana ta uku yara suka shigo da zangarniyar sabon gero suka gasa a bakin wuta, suka murje a tafin hannu suka miƙo mini. Wannan shi ne tumu, kuma shigowarsa gida ita ce shelar cewa an ga bakin wahalar.

Ɗalibin ya kuma tambaya ko kaka ta girbi da kaka mahaifin uba kalma ɗaya ce. A rubuce ɗaya suke, amma a aiki kowace da hanyarta: ta zuriya tana da jam'i, kakanni, tana kuma zama namiji ko mace, kakana ko kakata, ta girbi kuwa mace ce kullum, sai a ce kaka ta yi. Ita ce lokacin da ake yankan gero, daga baya dawa, a ɗaure dammuna a kai rumbu, a biya bashin damina, a sa ranakun aure, 'yan dambe da 'yan kokawa su riƙa bin garuruwa, masu ɗakuna irin na malaminmu na farko kuma su rasa inda za su sa mutane. Kada a haɗa su da ƙaƙa mai ƙugiya, wadda tambaya ce, kamar a ce ƙaƙa za a yi.

Akwai kuma kaka-gida, wadda ake faɗa wa wanda ya zo wuri da niyyar wucewa sannan ya zauna daram, ko ciwo ko wata ɗabi'a da ta ƙi barin mutum. A ganina kakan da ke cikinta na zuriya ne, wato ya mai da wurin kamar gidan kakansa. Malamin da ya gina ɗakuna huɗu zai gamu da irin wannan baƙo ba da daɗewa ba, mai sayen wake da ya ce kwana biyu zai yi, ga shi hunturu ya shiga buhunansa na nan jingine a zaure, har yaran unguwa sun fara kiransa Baba.