Amsoshin Tambayoyinku: Makin Masu Sharhi, Kayan Jabu da Kuɗin Gem

Makon nan wasiƙun 'yan gem, wato masu wasan bidiyo, ne suka fi yawa, don haka na tattara su wuri guda. Na rage tsawon wasu, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

"Yaya, wane gem ne ya fi kowanne maki a duniya? Shi zan saya." Wani matashi daga Gusau.

Ƙanena, ba ka faɗi na'urar da kake da ita ba, ba ka faɗi irin wasan da ranka ke so ba, ba ka kuma faɗi abin da ke aljihunka ba. Wanda ya shiga Kantin Kwari ya ce a yanko masa yadin da ya fi tsada, bai ce riga zai ɗinka ko labule ba, shi ya kai kansa. Wannan ba tambaya ba ce. Karanta amsar da ke biye, sannan ka sake rubutowa.

"Yaya, ni ɗalibi ne a Zariya. Na ce wa abokina wasan bidiyo fasaha ce kamar fim da rubutun zube, ya ce ai ko masu sharhinsa ba su ɗauke shi haka ba, tunda maki suke ba shi kamar waya ko firij. Wata shida ina tara kuɗin PS4 (na'urar gem ta kamfanin Sony) na hannu, yanzu maganarsa ta sa ina jin kamar shirme zan saya. Sharhi ne ke mai da abu fasaha?"

Kwantar da hankalinka, ƙanena, kuɗinka ba su tafi a shirme ba. Wannan gardamar ta girmi abotarku. A 2010 Roger Ebert, mashahurin mai sharhin finafinai na Amurka, ya rubuta cewa wasan bidiyo ba zai taɓa zama fasaha ba. Aka yi masa ca. Bayan 'yan watanni ya dawo ya amsa cewa bai kamata ya yanke hukunci kan abin da bai zauna ya buga ba, ko da yake bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Kalifoniya, ta ce wasan bidiyo na da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki daidai da littafi da fim da wasan kwaikwayo. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York, wanda ake kira MoMA, ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da Pac-Man da Tetris. Babu ɗaya daga cikinsu da ya jira makin wani kafin ya yi abin da ya yi.

Kai da kake Zariya ma ba sai ka je nesa ba. A shekarun 1990 an yi ta kiran littattafan soyayya na Hausa "adabin kasuwar Kano", da nufin cewa haja ce kawai, ba adabi ba. Marubutan ba su ajiye alƙalami ba, masu karatu ba su daina saye ba. Abin da ya sauya shi ne masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun zauna sun karanta su da gaske, suka yi rubutu a kansu, har ta kai ana nazarinsu a jami'o'i. Sharhi bai haifi adabin ba. Ya dai buɗe masa ƙofar da raini ya rufe. Abin da sharhi na gaskiya zai iya yi wa gem ke nan.

Amma abokinka ya taɓo wani abu, kuma shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya shekara da shekaru. Mafi yawan abin da ake kira sharhin gem jagorar ciniki ce. Hoton na da kyau? Awa nawa za ka yi kana bugawa? Ya ci kuɗinsa? Sai a liƙa lamba a ƙasa. Akwai shafin Metacritic da ke tattara waɗannan lambobin ya fitar da maki guda bisa ɗari, kuma wannan lambar ta zama abin da ake ci da sha da ita. Kamfanin Obsidian da ya yi Fallout: New Vegas a 2010 ya rasa ladan da aka yi masa alkawari saboda wasan ya samu 84, alhali yarjejeniyarsu da kamfanin Bethesda ta ce sai 85. Maki ɗaya rak! To ka gaya mini, wanda abincin iyalinsa ke rataye da maki ɗaya, zai yi kasadar gwada sabon abu? Ba zai yi ba. Zai maimaita abin da ya san masu ba da maki sun saba yabo. Ta nan ne lamba ke cutar da fasahar, tun kafin wasan ya fito.

Sai kuma maganar wanda ke biyan mai sharhin. A 2007 shafin GameSpot ya sallami Jeff Gerstmann jim kaɗan bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a lokacin da tallan wannan wasan ya mamaye shafin. A 2012 shi da bakinsa ya tabbatar cewa matsin masu talla na cikin dalilin korar. A Disamban 2020 kuma aka yi wadda ta shafe ka kai tsaye, tunda PS4 za ka saya. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland ya ba masu sharhi Cyberpunk 2077 na kwamfuta kaɗai kafin ranar fitowa, maki ya yi sama, mutane suka zuba kuɗi. Da masu PS4 suka kunna nasu, sai ga wasa yana sandarewa yana mutuwa. Abin ya kai Sony ta cire shi daga shagonta na intanet ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai a Yunin 2021. Bature an mayar masa. Kai da ka sayi faifai a kanti a nan, wa zai mayar maka? "Kaya in sun fita ba sa dawowa" ne a rubuce a rasit.

Kada kuma ka ce za ka koma ga makin jama'a. Shi ma ana yi masa taron dangi. Da The Last of Us Part II ya fito a 2020, dubban mutane suka ruga suka zabga masa sifili cikin awannin farko, tun kafin a ce mutum ya isa ya kai ƙarshensa, har Metacritic ta kafa dokar jiran awa 36 kafin a karɓi makin 'yan wasa. Mu ma nan muna da namu: yaro a TikTok ya ɗaga kwali yana rantsuwa cewa "wannan orijina ne", bai ce mai shagon ne ya ba shi kyauta ba. Sharhin jabu da kayan jabu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Saboda haka ka rufe lambar da ɗan yatsa, ka karanta abin da mutumin ya rubuta. Ka duba a kan wace na'ura ya buga. Ka bari wasa ya yi sati biyu a kasuwa kafin ka taɓa aljihunka. Sabon babban wasa kan kai dala 70, ka buga da canjin yau ka ga buhun shinkafa nawa ke nan. Kai da PS4, tsofaffin wasannin da ƙura ta lafa a kansu sun ishe ka shekaru.

In kana son abin da za ka nuna wa abokinka, nemi Journey na 2012. Babu magana ko ɗaya a cikinsa. Wani mai alkyabba ne ke ratsa hamada yana nufin wani dutse mai haske can nesa. A hanya sai ka haɗu da wani mai irin shigarka, mutum ne na gaske a wata ƙasa, ba ka san sunansa ba, ba ka da hanyar yi masa magana sai wata 'yar ƙara kamar ta ƙararrawa. Ranar da na buga shi, da muka isa cikin ƙanƙara kusa da ƙarshe, na tsaya a baya, sai na ga abokin tafiyar nan ya juyo ya dawo ya jira ni. Kusan awa biyu ne duka wasan. Mai auna gem da yawan awanni zai ce an cuce shi. Ka miƙa wa abokinka hannun gem ɗin, kada ka ce masa komai har ya gama.

"Malam, ɗana ɗan shekara 12 ya dame ni in saya masa GTA V. Ya nuna mini a waya an ba shi 97 cikin 100. Ni ban san kan abin ba, kuma ba na so ya ga kamar na hana shi abin da abokansa ke da shi." Wata uwa daga Katsina.

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika tambaya, ba kowa ke yi ba. Yaron bai yi miki ƙarya ba, makin haka yake. Sai dai makin yana auna gwanintar aikin ne, ba ya cewa wa ya dace ya gani. Kada ki saya masa. Wasan manya ne, akwai kisa da fashi da batsa da zagi a ciki. Ki duba kusurwar ƙasa ta kwalin kowane wasa: na Turai na ɗauke da lambar shekaru, 3, 7, 12, 16 ko 18, na Amurka kuma harafi, inda M ke nufin daga shekara 17. Wannan lambar ce taki, ba 97 ba. Ki ba shi zaɓi tsakanin ƙwallo da Minecraft, wanda gini ake yi a cikinsa, ki zauna kusa da shi ranar farko ya nuna miki yadda ake yi. In kuma yana zuwa gidan gem na unguwa, ki tura yayansa ya leƙa ya ga abin da ake kunnawa, don hanin gida kaɗai ba ya kaiwa can.

"Yaya, an kawo mini PS4 na hannu da hannun gem biyu, farashin ya yi sauƙi sosai. In karɓa?" Wani mai shagon caji daga Maraɗi.

Arha ba ta ado, ɗan'uwa. Na taɓa sayen hannun PS4 a wani kanti, kwali da tambari komai daidai. Da na je gida na ji shi sakayau kamar fanko, allon taɓawar da ke tsakiya yana dannuwa amma ba ya jin yatsa, ramin abin kunne kuma ado ne kawai. Sati uku ɗan wasana ya fara tafiya hagu ba wanda ya tura shi. Kada ka biya sai an kunna maka a gabanka na rabin awa da wasa mai nauyi. Ka saurari fankarsa, in tana kuka kamar injin markaɗe, ya sha zafi ko ƙura ta cika shi. Ka sa faifai ka ga ya ja ya kuma fitar. Ka duba 'yan takardun da ke liƙe kan kusoshin baya, in an ɓare su to an buɗe cikinsa. Ka haɗa shi da intanet ka shiga asusunka na PlayStation nan take, don akwai waɗanda Sony ta toshe, akwai kuma waɗanda aka fasa aka cika da wasannin sata, su ba sa shiga wasa da mutane ta intanet. In mai kayan ya ce yana sauri, bar shi ya tafi da abinsa. Ka kuma ware kuɗin sitabilaiza tun yanzu, dawowar wuta ɗaya ta isa ta ƙone shi.

"In sayi makin sayayya a cikin FC (wasan ƙwallo na kamfanin EA) don in samu manyan 'yan wasa?" Wani daga Kumasi.

A'a. Kana biyan kuɗi ne kan ƙunshin da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Hukumar caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, har kamfanin EA ya daina sayar da makin a ƙasar a farkon 2019. Kuma in sabon na baɗi ya fito, 'yan wasan da ka tara ba sa binka can, daga farko za ka sake.