Wa ke kula da jirgi idan ya ƙetare iyaka?

Malam, ka tambayi wa ke jagorantar jirgin da ya tashi daga Kano idan ya fita sararin Najeriya. Hannu da hannu ake miƙa shi. Kafin ya kai iyaka, ma'aikacin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, da ke Kano zai sanar da takwaransa na Yamai ko Njamena tsayin da jirgin yake da lokacin isowarsa, sannan ya umarci matuƙi ya koma mitar rediyon can. Nijar da Chadi kuwa ASECNA ke musu aikin, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1959, hedikwatarta a Dakar. Tsarin nan abin riƙewa ne da kyau, domin da Nijar ta rufe sararinta a Agustan 2023, jiragen Turai doguwar hanya suka riƙa zagayowa, ga ɓata lokaci ga ƙona mai.