Kwana a kan dutsen Shere: zan iya shiga tanti da garwashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne daga Unguwar Rogo, mun shirya hawa dutsen Shere da ke kusa da Jos a tsakiyar Disamba, mu kwana can mu ɗauki hoton taurari. Kyamara da ƙafarta duk muna da su. Sanyin ne ya tayar min da hankali, don ƙanena zai bi mu, shi kuwa ba ya jure sanyi. Abokinmu ya ce mu tafi da kasko da gawayi, in wuta ta ruru hayaƙi ya ƙare sai mu shigar tanti mu zuge, wai haka ake yi a gidansu. Zuciyata ta ƙi kwanciya da maganar. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Kada kaskon nan ya shiga tanti, ko na minti biyar.

Kusan duk ayarin da na raka dutse a hunturu sai an samu mai wannan magana, wai in hayaƙi ya ƙare an tsira. Ai hayaƙin ma gata ne, don yana sa ka tari da hawaye ka fito da gudu. Abin da ke kisa shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jan garwashin nan da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. In ta shiga huhu, jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar oksijin, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu mutum yana kwance. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Wanda ya wuni yana hawan dutse da jaka a baya, me zai ce? Gajiya ce. Sai ya ƙara jan bargo, daga nan ba ya farkawa.

Shi kuma mai cewa haka ake yi a gidansu, ɗakin da ke shan iska ta taga da ƙarƙashin ƙofa daban yake da tantin leda da mutum huɗu suka cunkushe a ciki. Ko a ɗakin ma Allah ne ya kiyaye su. Na taɓa jawo wasu samari daga tanti da tsakar dare, ɗaya yana amai, ɗaya ya kasa ɗaura igiyar takalminsa, yana kallona kamar bai san ni ba, kaskon yana nan a tsakiyarsu jawur, ba ko ɗigon hayaƙi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne washegari labari ya bazu wai mutanen ɓoye na dutsen ne suka taɓa su. Muddin ana ɗora wa aljanu laifin gawayi, wani ayarin zai sake ɗaukar kasko. Risho da ƙaramin gas na girki duk hukuncinsu ɗaya: a waje ake kunna su. Barin zif a ɗan buɗe ba ya isa.

Haka masu cewa a ɗura wa wanda ya shaƙa madara ko manja. Babu abin da suke yi wa wannan guba, kuma in ya suma sai su bi masa ta huhu. A fito da shi sarari nan take, a kwantar da shi ta gefe, a sauko da shi asibiti a sa masa oksijin ko da ya ce ya warware. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana nan Lamingo, kusa da duwatsun. Kai ne babba, amanar yaron nan a wuyanka take, kai za a tambaya a gida, kai za a tambaya gobe kiyama. Kada kunyar aboki ta hana ka cewa a'a.

Sanyin kuwa gaskiya ne. Jos tana kan mita 1,200 da 'yan kai, ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, don haka ka sa ran ragin kamar digiri 4 a kan na gari, ga iska ba abin da ya tare ta. Dutsen da ka kwanta a kai ne ke zuƙe ɗumin jiki, saboda haka shimfiɗa mai kauri ta fi bargo na biyu amfani. Da kun isa a cire rigar da ta jiƙe da gumi, a sa busasshiya, da hular sanyi da safa. Ku tafasa ruwa a waje, ku zuba a gora mai ƙarfi, ku sa ta cikin safa ƙanenka ya rungume. Ku kashe wutar da ruwa, ciyawar Disamba ba ta da haƙuri. Ku tafi da ɗan jagora na yankin, hukuma da mutanen gida su san inda kuke.

Batun hoto, ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. In ka ga rana ta faɗi fari fat, ku ɗage tafiyar. Ku nemi daren da ba farin wata, daga 27 ga watan Musulunci zuwa 2 ga sabo. Farar hanyar taurarin nan mai kauri ba za ku same ta a Disamba ba, sai wajen Maris kafin asuba. Amma Kaza da 'ya'yanta za ta hau tsakar ka, kuma daren 13 zuwa 14 ga Disamba taurari masu wutsiya kan yi ta zubowa. Ka ba Jos baya ka fuskanci gabas, ka buɗe idon kyamara a f/2.8, ISO 3200, daƙiƙa 15 zuwa 20, ka saita fokas da hannu a kan tauraro mafi haske. Batiri na biyu ka ajiye shi a aljihun ciki, sanyi na cinye shi da wuri.