Amsa kan waƙar da ta ɗora wa zuciya laifi

Malama, kin tambaya me ya sa sha'irin ya bar gangar jiki ya kama zuciya da faɗa, alhali hannu ne ya ɗauki haram.

A ganina tushen baitin yana cikin hadisi na 6 na Arba'una, wanda muke haddacewa a Islamiyyunmu na Ringim: akwai tsoka a jiki, in ta gyaru duk jiki ya gyaru, ita ce zuciya. Shi ya sa sha'irin ya mai da jiki doki, zuciya mahayi. Ki duba kalmomin aikatau ɗinsa da kyau: zuciya ke "so" da "umarni", gaɓoɓi kuwa bi kawai suke.

Inda na saɓa da shi, ya manta yunwa da ciwo ma suna juya tunanin mutum. Duk manomin da ya yi azumi a bazara ya san haka.